Kalma ɗaya a Turanci, huɗu a Faransanci: yadda ake fassara sallamar baƙo a otal

Wani manajan masauki a Kano, wanda galibin baƙinsa 'yan kasuwa ne daga Maraɗi da Damagaram da Garwa, ya taɓa miƙo mini takarda shafi ɗaya, irin wadda ake liƙawa a bayan ƙofar ɗaki, ya ce in duba masa Faransancin da ke ƙarƙashin Turancin. Yaronsa ne ya zuba rubutun cikin manhajar fassara, ta ba shi abin da ta ba shi, aka buga aka liƙa. A layi na uku, inda Turancin ya ce “Check-out: 12pm”, sai Faransancin ya ce “Vérifier : 12pm”. Wato “bincika”. To mutumin da ya taso daga Yamai, ba ya jin Turanci, me ake so ya bincika da ƙarfe goma sha biyu? Can ƙasa kalmar ta sake fitowa, wannan karon na'urar ta mayar da ita “caisse”, wato teburin da ake biyan kuɗi a kanti. Duka biyun ma'anoni ne na gaskiya na kalmar a wasu wuraren, amma ba ko ɗaya da ya shafi baƙon da ke shirin tafiya.

Tushen matsalar shi ne, Turanci ya ɗaure abubuwa huɗu cikin ƙulli ɗaya. In aka ce “check-out” a otal, ana iya nufin lokacin da wa'adin ɗaki ke cika, ko kwashe kaya a bar ɗakin, ko tsayawa gaban tebur a biya abin da ake bin mutum, ko kuma mayar da makulli. Mai jin Turanci ba ya tsayawa tantance wanne ake nufi, yanayin magana ne ke faɗa masa. Faransanci ba shi da wannan ƙullin. Kowane ɗaya da kalmarsa, kuma dole mai fassara ya kwance ƙullin tukuna, ya tambayi kansa a kowane layi: a nan wanne daga cikin huɗun ake nufi?

Mafi faɗin su ita ce “le départ”, tashi ko tafiya. Ita za ka gani a shafukan kama ɗaki na intanet in ka juya su zuwa Faransanci: gefe ɗaya “arrivée”, isowa, ɗaya gefen “départ”. Lokacin tashi kuwa “heure de départ”. Sau da yawa na ga ɗalibai suna sa “sortie”, saboda sun ga ɓangaren “out” a kalmar Turancin sun ce ai fita ake nufi. Amma “sortie” ita ce ake rubutawa saman ƙofar fita, har da ƙofar tsira in gobara ta tashi. Wanda ya fita sayen katin waya ya dawo ma ya yi “sortie”, bai kuwa bar otal ba.

Sai dai “départ” ba ta isa ba in doka ake kafawa. Abin da otal-otal na ƙasashen Faransanci ke rubutawa shi ne “libérer la chambre”. Asalin “libérer” 'yantawa ne ko sakewa, a nan kuwa sakin ɗaki, a bar shi fayau don masu shara su shiga kafin wani baƙon ya iso. Cikakkiyar jimlar da aka saba gani ita ce “Les chambres doivent être libérées avant midi”, a saki ɗakuna kafin tsakar rana. Wannan zaɓin ya fi “quitter l'hôtel” adalci ga baƙo, domin ba korarsa ake yi daga ginin ba. Mutumin da jirginsa sai ƙarfe tara na dare, ko wanda motar Kwatano ba za ta tashi ba sai bayan la'asar, yana iya sakin ɗaki da rana, ya ajiye kayansa, ya shiga kasuwa ya ƙarasa cinikinsa. Ɗakin ajiyar kayan sunansa “bagagerie”, ana kuma cewa “consigne”, kalmar da aka fi sani a tashoshin jirgin ƙasa. In ka rubuta wa baƙo cewa ya bar otal da sha biyu alhali ɗakin kawai ake so, ka sa bawan Allah yawo da jakunkuna cikin rana ba gaira ba dalili.

Shi kansa lokacin akwai rami a ciki. “12pm” ko masu Turancin na rikicewa da shi, wasu su ɗauka tsakar dare ne. Faransanci ba ya amfani da “am” da “pm” sam. Awa ashirin da huɗu yake ƙirgawa a rubuce, harafin “h” kuma shi ke raba awa da minti: 11 h, 12 h, 14 h 30. Sha biyun rana “midi”, sha biyun dare “minuit”. Don haka barin “12pm” cikin jimlar Faransanci rabin aiki ne. Sannan a lura da ƙananan kalmomin da ke gaban lokacin, domin su ke ɗauke da hukuncin. “Avant midi” kafin sha biyu ke nan, “au plus tard à midi” kada a wuce sha biyu, “jusqu'à midi” kana da dama har zuwa sha biyu. “À partir de” kuwa “daga” ce, wurinta layin isowa, kamar a ce ɗaki zai samu daga 14 h. Wanda ya sa ta a layin tashi ya juya dokar kai a ƙasa, ya ba baƙo izinin zama har sai ya ga dama.

In baƙo na son a ɗaga masa ƙafa ya wuce wa'adin, abin da Turanci ke kira “late check-out”, Faransancinsa “départ tardif”. Ba a cewa “départ en retard”, domin “en retard” makara ce, akwai ƙamshin laifi a jikinta, kamar jirgin da ya saɓa lokacinsa. “Tardif” ba ta zargin kowa. Galibi takan zo da abokan tafiya biyu: “sous réserve de disponibilité”, wato in ba a riga an ba wani ɗakin ba, da “avec supplément”, da ƙarin kuɗi. In an wuce gona da iri kuma sai a caji mutum “une nuitée”, kwana guda cur. Wannan kalma ta “nuitée” tana burge ni, domin ta yi daidai da yadda muke lissafi da Hausa: ba mu cewa na yi dare uku a Lome, cewa muke na kwana uku. “Nuit” dare ne kawai, “nuitée” kuwa kwanan da ake biya wa kuɗi.

Da an zo kan kuɗi kuma aikin ya ƙara nauyi. Turanci na cewa “bill” a ko'ina. A Faransa, takardar lissafin otal “la note” ce, biyanta kuma “régler la note”. A gidan abinci “l'addition” ake nema. “La facture” ita ce takarda ta hukuma mai lamba da sunan kamfani da haraji a fayyace, “le reçu” kuwa rasit ne, shaidar an karɓi kuɗi. Ma'aikacin da ofis ya tura taro Yamai ko Yawunde, wanda zai koma ya yi bayanin kuɗin da ya kashe, “facture” yake buƙata da sunan ma'aikatarsa, kuma ya fi kyau ya ce “facture acquittée”, wadda aka buga wa hatimin an biya. In ya tashi da guntun “reçu” na na'urar kati, akanta na iya mayar masa da shi. A lardin Kebek na Kanada kuma al'adar ta ɗan bambanta, can ko a gidan abinci “la facture” suke cewa. Shi ya sa tambayar farko da nake yi wa duk wanda ya kawo mini aiki ita ce, su wa za su karanta?

Amma kalmar da ta fi kowace cin lokacina a takardar nan ita ce “deposit”. Mu da Hausa mun raba abin gida biyu tun tuni. Akwai kafin alƙalami, kuɗin da ake bayarwa tun farko don a ƙulla ciniki, wanda za a cire daga jimla. Akwai kuma abin da ake ajiyewa a matsayin jingina, wanda ba na mai karɓa ba ne, za a mayar wa mai shi in bai yi ɓarna ba. Turancin otal ya haɗe su da kalma ɗaya. Faransanci bai tsaya a biyu ba ma, shi kafin alƙalamin kansa ya tsaga shi biyu, kuma tsagin na shari'a ne.

Na farko “arrhes”. Sashe na 1590 na kundin dokokin farar hula na Faransa, wanda asalinsa na 1804 ne, ya tanadi cewa in an ba da “arrhes”, kowane ɓangare na iya janyewa daga cinikin: wanda ya bayar in ya fasa ya yi asarar kuɗinsa, wanda ya karɓa in shi ya fasa sai ya mayar da ninki biyu. Na biyu “acompte”, shi kuwa kason farko ne na kuɗin cinikin da ya riga ya ɗauru, ba ƙofar janyewa. Baƙon da ya ba da “acompte” ya fasa zuwa, ana iya binsa sauran kuɗin kwanakin da ya kama. Dokar kare masu saye ta Faransa ta ƙara da cewa in ba a fayyace a yarjejeniya ba, kuɗin da aka biya tun farko “arrhes” ake ɗaukarsa. Ka ga ke nan mai fassarar da ya zaɓi ɗaya daga cikin biyun don kawai ta fi masa daɗin ji, ya rubuta wa otal da baƙo yarjejeniyar da ba su san sun ƙulla ba. Ƙasashe da dama da Faransa ta yi wa mulkin mallaka sun gaji wannan kundin, saboda haka lauya ko babban ɗan kasuwa daga can zai karanta kalmar da nauyinta.

Ni abin da na yi, komawa na yi wurin manajan na tambaye shi: in mutum ya turo kuɗi ya kama ɗaki, sannan ya fasa, me kuke yi? Ya ce in ya sanar da kwana biyu kafin ranar sukan mayar masa, in bai sanar ba sun riƙe kuɗin kwana ɗaya. To wannan ba “arrhes” ba ce, ba kuma “acompte” tsantsa ba ce, ga shi otal ɗin a Najeriya yake, ba dokar Faransa ke hukunci a kansa ba. Sai na bar kalmomin shari'ar duka biyu, na rubuta sharaɗin dalla-dalla cikin jimla biyu masu sauƙi. Ra'ayina har gobe shi ne, inda kalma guda za ta jawo wa mutane alƙawarin da ba su ɗauka ba, gara a tsawaita.

Ɓangaren jingina kuwa, a bakin jama'a “caution” ake cewa, a rubutun hukuma “dépôt de garantie”. Nan ma ga tarko ga wanda ya fara sanin Turanci, domin “caution” a Turanci gargaɗi ne, a yi hattara. Rubutu ɗaya, ma'ana ta yi hannun riga. Yanzu da katin banki ya yawaita, otal-otal da yawa ba sa karɓar tsabar kuɗi a matsayin jingina, sai su ɗaure wani adadi a katin baƙo. Wannan shi ne “préautorisation” ko “empreinte bancaire”. Kuɗin bai bar asusun mutum ba, an dai hana shi taɓawa. Ranar tashi otal zai saki ɗaurin, banki kuma ya kan ɗauki kwanaki kafin abin ya bayyana. In mai fassara ya sa “rembourser”, mayar da kuɗi, sai baƙo ya tsaya gaban tebur yana jiran a ƙirgo masa, ko ya yi ta duba waya yana jiran saƙon shigar kuɗin da ba zai taɓa zuwa ba, daga nan sai zargi ya shiga tsakani. Kalmar da ta dace ita ce ta cire ɗauri, “lever” ko “débloquer”.

Akwai kuma layukan ƙasan takardar lissafi, inda baƙo ke ganin jimla ta haura abin da aka faɗa masa. A Faransa harajin kaya da hidima, TVA, kashi 10 cikin ɗari ne a kan ɗakin otal, kuma farashin da ake nuna wa mai saye ya riga ya haɗa da shi. Haruffa uku TTC ke nuna haka, HT kuwa na nufin ba a sa haraji ba tukuna. Abin da ake ƙarawa daban shi ne “taxe de séjour”, harajin da ƙananan hukumomi ke karɓa kan kowane mutum a kowane kwana. Tsohon haraji ne, tun 1910 aka ƙirƙiro shi don garuruwan da ake zuwa shan iska da wankan ruwan magani, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 18 ba sa biya. Da shi ake fassara “city tax” da “tourist tax”. Amma “resort fee” da otal-otal na Amurka ke ƙarawa ba haraji ba ne, kuɗi ne da otal ɗin ke sa wa aljihunsa. Wanda ya fassara shi da “taxe” ya ɗora wa gwamnati abin da ba ta ci ba, ya kuma rufe wa baƙo bakin tambaya. “Frais” ce kalmarsa, kuɗin hidima. Haka “service charge” da muke gani a Najeriya kusa da harajin VAT na kashi 7.5, “frais de service” ne, kada a haɗa shi da “pourboire”, tukuicin da mutum ke ba ɗan ɗaukar kaya don ransa ya so.

Lambobi ma suna buƙatar fassara, abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Turanci na rubuta 45,000.50, Faransanci na rubuta 45 000,50. Waƙafi a Faransanci shi ke raba cikakken adadi da ɓurɓushinsa, dubbai kuwa tazara ce ke raba su. A baki kuma, mai teburin karɓar baƙi a otal ɗin Faris zai ce maka saba'in “soixante-dix” ne, sittin da goma, casa'in “quatre-vingt-dix”, ashirin sau huɗu da goma, alhali na Beljiyam da Suwizalan “septante” da “nonante” za su ce. Mu nan kusa ma muna da namu. Bakano ya sauka Damagaram, ya ji daɗi ya tarar mai tebur Bahaushe ne, sai a ce masa kuɗin ruwan da ya sha dala ɗari. Dala a Nijar sefa biyar ce, saboda haka sefa 500 ake nufi, jika ɗaya kuma sefa 1000. Harshe ɗaya, lissafi biyu. Wannan ya isa ya nuna wa mai fassara cewa adadi a rubuce da lambobi, tare da sunan kuɗin a gefensa, ya fi kowace irin gwanintar baki.

Na huɗun cikin ƙullin shi ne mafi sauƙi: “rendre la clé” ko “remettre la clé à la réception”, a mayar da makulli ga masu tebur. In kati ne, “la carte” ko “carte magnétique”. Tsarin nan da ake jefa kati cikin akwati a wuce ba tare da bin layi ba, “départ express” ake ce masa. Motar otal da ke kai mutane filin jirgi “navette” ce, tashin asuba ta waya kuma “service de réveil”.

Wani zai ce, ai su Faransawan ma “check-out” suke cewa, me ya sa za mu wahalar da kanmu? Gaskiya ne. Ma'aikatan otal a Faris kullum suna cewa “le check-out”, har da “faire le check-out”, kamar yadda mu ma muke cewa rasit da tikiti ba tare da mun ji wani abu ba. A baki ban ga laifinsa ba. A rubuce lamarin daban ne. Dokar 4 ga Agustan 1994, wadda ake kira da sunan ministan al'adu na lokacin, Jacques Toubon, ta wajabta amfani da Faransanci wajen gabatar da kaya da hidima ga masu saye a Faransa, kuma ta ambaci takardun lissafi da rasit da sunansu. A Kebek abin ya fi haka tsanani, tun daga dokar harshen Faransanci ta 1977, kuma suna da hukuma sukutum da ke tanadar kalmomin da za su maye gurbin na Turanci. Amma ko da babu doka, ni hujjata ba ta wuce mutumin da aka yi takardar dominsa ba. Ma'aikacin babban otal a Faris ya san kalmar domin sana'arsa ce. Dattijon da ya zo daga Tawa sayen atamfa a Kantin Kwari, wanda ya yi makarantarsa da Faransanci, ba lallai ya taɓa cin karo da ita ba. In aka bar masa ita yadda take, an buga takarda harshe biyu amma ɗaya kawai ke magana.

Layin ƙarshe na takardar gaisuwar ban kwana ce. Turancin ya ce suna fatan baƙo ya ji daɗin zamansa. Kalmar “enjoy” tana jan ɗan koyo zuwa “jouir”, wadda a bakin Faransawan yau ta karkata zuwa ma'anar da ba a faɗa a gaban manya, don haka a guje ta. Abin da mai tebur ke tambaya shi ne “Votre séjour s'est bien passé ?”, an dai zauna lafiya? Kuma da “vous” ake yi wa baƙo magana, ba “tu” ba, kamar yadda yaro mai tarbiyya ke ce wa babba “kun tashi lafiya” ko da shi kaɗai ne. Wajen rabuwa a ce “bon retour” ko “bonne route”, kusan a sauka lafiya da Allah ya kiyaye hanya. Faransancin Afirka ta Yamma ma ya ari ɗabi'unmu ya sa musu rigarsa. Wanda ya iso a ce masa “bonne arrivée”, sannu da zuwa tsaf, abin da ba kasafai za ka ji a Faransa ba. Mai shirin tafiya kuma a Abijan ko Wagadugu ko Bamako yakan ce “je demande la route”, yana neman a ba shi hanya, mai masauki ya ce ya ba shi rabi, don ya dawo ya karɓi sauran.

Na so in sa wannan a ƙasan takardar, amma magana ce ta baki tsakanin mutum da mai masaukinsa, ba ta zauna daidai a bayan ƙofa ba. Sai na rubuta “Bon retour et à bientôt”. Manajan ya karanta, na fassara masa, ya ce a ƙara layi ɗaya da Hausa a ƙarƙashi tunda yawancin baƙin nasa suna ji. Muka sa: a sauka lafiya, a gaida mutanen gida.